Kuben barci: wanne ya dace da mai kwana a fadamar Tambuwal da Kebbe?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, masu kwana a waje a Tambuwal da Kebbe sun fi yadda ake zato yawa. Akwai mai noman rani da ba zai iya barin injin ban ruwa ko faifan sola a fadama ya tafi gida ba. Akwai mai albasa da ya cire ya tara, yana jiran motar da za ta kai masa Aliero. Ga masunta a bakin Gulbin Zamfara ta wajen Kebbe, ga makiyaya, ga yaran mota da dare ya riska a hanyar Sakkwato zuwa Jega. Har 'yan bautar ƙasa da hukumar INEC ke ɗauka aikin zaɓe, mun ga hotunansu a Facebook a 2023, kwance bisa tabarma a harabar makaranta daren jajibiri. Kayan kowa kusan iri ɗaya ne: tabarma da bargo, idan sanyi ya yi tsanani a ƙara buhu ko leda a sama.

Turawa masu hawan duwatsu da masu tafiyar ƙafa ta kwanaki da jaka a baya suna da wani ɗan kaya da suka yi domin irin wannan kwana. Suna kiransa bibi, daga kalmar Faransanci bibuwak, wato kwana a fili ba tare da kafa tanti ba. Ni dai kuben barci nake ce masa, domin aikin kube yake yi. Doguwar jaka ce ta siririn yadi, ka shiga cikin jakar barcinka ko ka naɗe da bargo, sannan ka zura kanka cikinta. Ƙasanta ba ya shan ruwa, samanta yana tare iska da ƙura da raɓa. Mafi sauƙin nauyi daga cikinsu, irin na kamfanonin Borah Gear da Mountain Laurel Designs na Amurka, suna tsakanin giram 150 zuwa 200, wato ba su wuce nauyin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ba. Escape Bivvy na kamfanin SOL yana kusan giram 240. Helium Bivy na Outdoor Research ya kusa rabin kilo. Na sojojin Amurka da na Ingila, wanda wani lokaci ake tsinta cikin gwanjo, yana kaiwa kilo guda. Kalmar da ka gani a ƙarshen sunayen nan ita za ka rubuta idan kana nema a AliExpress, Temu ko Jumia.

Kafin ka taɓa katin bankinka, ga abin da masu talla ba za su faɗa maka ba. An ƙera yawancin kuben nan ne domin ruwan sama mai sanyi na Turai da ƙanƙarar saman duwatsu. Namu daren daban ne, kuma wanda ya fi tsada ba lallai ne ya fi yi maka amfani ba.

Ruwan da ke fitowa daga jikinka

Duk wanda ya taɓa lulluɓa da leda a gona ya san yadda ake tashi da asuba: bargo sharkaf, alhali ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Jikin mutum yana fitar da ruwa ta fata da ta numfashi ko da ba ya jin gumi, a dare ɗaya yakan kai kofi guda ko fiye. Tururin nan yana ratsa bargo, ya isa jikin ledar da ta yi sanyi, ya koma ruwa, ya dawo maka. Jiƙaƙƙen bargo kuwa ba ya riƙe ɗumi, sai ma ya janye wanda ke jikinka. Shi ya sa mai leda yakan ji daɗi da farkon dare, wajen ƙarfe huɗu kuma ya kama rawar ɗari.

Duk fasahar kuben barci a kan wannan matsala take: yadda za a hana ruwan waje shiga a kuma bar tururin ciki ya fita. A 1969 wani injiniya a jihar Delaware ta Amurka mai suna Bob Gore ya fizgi sandar robar PTFE mai zafi da ƙarfi, maimakon ta tsinke sai ta miƙe ta zama wata fata mai cike da ƙananan huji. Daga nan aka samu Gore-Tex, wanda ya shiga kasuwa a 1976. Kamfanin ya ce kowane huji ya fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ya fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ɗigo ba ya shiga, tururi yana fita.

Sai dai tururin ba ya fita haka kawai. Yana tafiya ne daga inda ake da ɗumi da danshi zuwa inda ake da sanyi da bushewa. Idan bambancin ciki da waje ya yi yawa, yadin yana aiki sosai. Idan babu bambanci, ya zama kamar leda mai tsada. A nan ne lokutanmu na shekara suka shigo.

A hunturu, iskar da ke zuwa mana daga Sahara ta bushe ƙayau, danshinta da rana yakan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100, da dare kuma a watan Janairu zafi yakan sauko kusa da digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka. Kusan kowane yadi da iska ke ratsawa zai fitar da tururinka a irin wannan dare, kuma ba a ruwan sama. To me za ka yi da Gore-Tex na dala 200? Siririn nailan marar shafin roba ya isa ya tare iska da ƙura. A Agusta kuwa, lokacin da ake ruwa, dare yana da ɗumi kuma iska cike take da danshi, don haka ko Gore-Tex ɗin da kyar yake fitar da wani abu. Za ka tsira daga ruwan sama ka jiƙe da guminka. Maganin damina shi ne tamfol da aka ɗaure sama da kai da igiya, iska tana wucewa ta ƙarƙashi, kai kuma kana cikin kube mai raga. A bazara, daga Maris zuwa Mayu da rana ke haura digiri 40, babu mai hankalin da zai zura kansa cikin jaka. Gidan sauro kawai.

Ra'ayina ke nan, kuma na tsaya a kai: wanda ya dace da mu shi ne mafi arha cikin dangin, mai ƙasa da ba ya shan ruwa, da sama na yadi mai numfashi, da babbar raga a wajen kai da ƙirji.

Raɓa, da yadda wayarka za ta gaya maka tana zuwa

Lokacin da kube ke biyan kuɗinsa shi ne kaka da farkon hunturu, Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba. Idan sama ta yi garau babu gajimare, duk abin da ke kallon sama yana zubar da zafinsa, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Da ya yi sanyin da ya kai wani mataki, danshin iska sai ya kwanta a kansa. Ita ce raɓa. Fadama ta fi tudu shan wannan, saboda iska mai sanyi tana da nauyi, gangarawa take yi ta taru a kwari, ga kuma ruwa kusa. Shi ya sa mutum biyu za su kwana a dare ɗaya, na cikin garin Dogon Daji ya tashi a bushe, na bakin gulbi ya tashi bargonsa kamar an yayyafa masa ruwa.

Manhajojin yanayi irin su Windy suna nuna wannan mataki, suna kiransa diyu-foyin. Duba lambobi biyu da yamma: mafi ƙarancin zafin da ake hasashe kafin asuba, da matakin raɓa na wannan lokaci. Idan tazararsu ba ta wuce digiri 2 ko 3 ba, kuma babu gajimare babu iska mai ƙarfi, to ka shirya. Masu son rubuta shirin kwamfuta, Open-Meteo yana ba da lambobin nan awa-awa kyauta, ba sai ka yi rajista ba. Ka ba shi 12.4 arewa da 4.65 gabas, Tambuwal ke nan, layi goma sun isa ka haɗa abin da zai turo maka saƙo da magariba. Amma ka sani hasashen na yanki ne mai faɗi, bai san kwarin gonarku ba. Idan a fadama za ka kwana, ka ɗauka abin zai fi yadda waya ta nuna.

Akwai dabarar da ba ta cin ko sisi, makiyaya sun daɗe da saninta: kwana ƙarƙashin itace mai ganye yana rage raɓa, domin rassa sun tare maka sama.

Sauro ya fi sanyi haɗari

Sanyin digiri 15 ba ya kashe lafiyayyen saurayi, barci kawai yake hana shi. Zazzabin cizon sauro kuwa yana kwantar da mutum a tsakiyar aiki, yana kuma kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, kuma sauron da ke yaɗa shi da dare yake cizo, a irin wuraren da ruwa ke kwanciya. Mai gadin inji a fadama yana kwance ne daidai inda suke ƙyanƙyasa. Don haka kube marar raga, irin na soja da ake barin fuska a buɗe, rabin aiki ne a wajenmu.

Raga ma tana da sharaɗi. Idan ta kwanta a fuskarka ko a hannunka, sauro zai cije ka ta cikinta hankali kwance. Kube mai kyau yana da ɗan madauki a saman raga inda za ka ɗaura igiya zuwa reshe ko sanda, wasu kuma suna zuwa da siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke ɗaga ta. Idan ka ga hoto a kasuwar intanet babu ɗaya daga cikin biyun, wuce.

Sai abubuwan da ke rarrafe. Kunama tana son ɗumi, kububuwa kuma ita ce macijin da ya fi saran manoma da makiyaya a Arewa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga kudu maso gabashin Nepal ya nuna masu kwana cikin gidan sauro ba su cika gamuwa da saran maciji a cikin barci ba kamar waɗanda ke kwana babu shi. Kube mai zif da aka rufe yana yin irin wannan aiki, yana hana abu shiga cikin bargonka. Amma siririn yadi ba ya tare haƙori idan ka mirgina kan maciji, kuma ba ya kare takalmin da ka bari a waje. Share wurin kafin ka shimfiɗa, ka kakkaɓe takalmi da safe.

Lambobin da ke jikin talla

Kamar yadda ba ka yarda da mai wayar da ya ce maka "ba ta jin ruwa" sai ka ga IP67 ko IP68, haka yadi ma yana da lambarsa. Za ka ga an rubuta 1,500mm ko 5,000mm ko 10,000mm. Ana ɗaure yadin a gindin bututu a yi ta zuba ruwa, tsayin da ruwan ya kai kafin ya fara tsattsafowa shi ne lambar. 1,500mm mita ɗaya da rabi ke nan. Ga tamfol na sama wannan ya isa. Ga ƙasan kube kuwa nemi 3,000mm ko fiye, domin gwiwa da gwiwar hannu suna matse yadin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙarfin da ya fi na ɗigon ruwa. Tallar da ta ce ba ya shan ruwa ba tare da lamba ba, kamar fawa bank ne da aka rubuta wa 100,000mAh ana sayar da shi kuɗin caja.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin D: 10D, 20D, 70D. Kaurin zare take nunawa, wato nauyin giram na zare mai tsawon mita 9,000. Masu son rage nauyi a Amurka suna rububin 10D, amma su a kan ciyawa mai laushi da ganyen itace suke kwana. Mu karangiya gare mu, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Ƙasan 10D ba zai kai mako a gonar Kebbe ba. Nemi 40D zuwa 70D a ƙasa, sama kuwa 20D ya yi. Ko da hakan, shimfiɗa tabarma ko buhu kafin kube.

Shimfiɗar nan tana da wani amfanin da ya fi kare yadi. Kube ba ya samar da ɗumi, iska kawai yake tarewa, abin da zai ƙara maka 'yan digiri kaɗan ne. Ƙasa ce ke tsotse zafin jiki fiye da komai, kuma bargon da ka danne da nauyinka ba ya raba ka da ita. Siririyar katifar soso, ko kwali ninki biyu, ko tarin busasshiyar ciyawa ƙarƙashin tabarma, ya fi ƙarin bargo a sama.

Za ka kuma ci karo da wata mai ƙyalli kamar takardar alewa, ruwan lemu a waje azurfa a ciki, giram 100 da 'yan kai, mai arha sosai. Asalinta bargon da hukumar NASA ta ƙirƙiro a 1964, kuma da gaske tana mayar da zafin jiki. Amma leda ce, ba ta numfashi ko kaɗan, ga ƙara duk motsin da ka yi, ga saurin yagewa. An yi ta ne domin dare ɗaya na gaggawa. Ta dace da akwatin direba ko jakar ɗan agaji, ba ta dace da mai kwana wata uku a fadama ba.

A kai wa tela

Idan ka lissafa dala da kuɗin kawowa, yawancin masu karatun nan ba za su sayi na waje ba, kuma ba dole. Abin da muka ce ya dace da mu, duk telan da ke ɗinka jaka ko rigar kujerar mota zai iya haɗa shi cikin yini ɗaya.

Tsawo santimita 220 zuwa 230, faɗi 85 zuwa 90 a kafaɗa, ya tsuke zuwa 60 a ƙafa. Kada a matse shi, domin idan ya danne bargo ɗumin ya tafi. Ƙasa a yi da siririn tamfol ko yadin rigar ruwa, a yanka shi da faɗi yadda zai naɗo sama santimita 10 zuwa 15 ta kowane gefe kamar kwale-kwale. Wannan shi ne wurin da ya kamata ka tsaya a kan tela, domin kowane hujin allura ƙofar ruwa ce. Idan ɗinkin ya kwanta a ƙasa, danshi ta nan zai shigo. Sama a yi da siririn nailan ko foliyesta marar shafin roba. Gwajinsa mai sauƙi ne: manna shi a baki ka hura, idan iska ta wuce da ɗan ƙoƙari ya yi, idan ba ta wuce ba leda ce. Irin waɗannan yadi ana samunsu a babbar kasuwar Sakkwato ko Kantin Kwari a Kano, jakar barci ta gwanjo kuma a Ƙofar Wambai. Idan kana da zaɓi ɗauki mai cikon roba, ba mai gashin agwagwa ba, domin gashi da ya jiƙe ya tashi aiki. Wadda aka rubuta wa digiri 10 ta ishe ka hunturunmu.

Wasu Turawa suna ɗinka nasu da Tyvek na kamfanin DuPont, farin yadin nan mai kama da takarda wanda aka yi da yawa daga rigunan kariya na ma'aikatan lafiya da shi, waɗanda muka gani lokacin Ebola a 2014 da korona a 2020. Yana tare iska da yayyafi, yana kuma barin tururi ya fita. In ka samu sabo, ya dace da sama.

Daga ƙirji zuwa kai a sa raga. Tsohon gidan sauro da ya yage a gefe ɗaya yana da sauran wuri mai kyau da za a yanka. Sabon da aka raba domin yara da masu ciki kuwa a bar musu abinsu. Kuma tunda ragar tana da magani a jikinta, wani dalili ke nan na ɗaga ta daga fuska.

Zif a yi shi dogo, daga kafaɗa har ƙugu, mai hannu ciki da waje. Ba don jin daɗi kawai na faɗi haka ba. Kowa ya san halin tsaro a dazukan kudancin Sakkwato da iyakar Zamfara, kuma kube ba ya mayar da wurin da bai dace a kwana ba ya zama wurin kwana. Amma ko inda ake da kwanciyar hankali, mai gadin kaya yana bukatar ya miƙe cikin daƙiƙa biyu idan ya ji motsi. Kuben da ake shiga ta baki kaɗai kamar buhu, sai ka yi ta mutsu-mutsu kafin ka fito. Gwada fita da ido rufe tun a gida.

Wuta da waya

Duk mai kwana a gona da hunturu yana hura wuta. Nailan ba ya kamawa kamar auduga, narkewa yake yi ya manne a fata. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shi, don haka kwanta nesa da wutar, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Maganin sauro na kunnawa da kaskon gawayi ba su da wuri kusa da shi. Kuma komai sanyi, kada ka rufe fuskarka da ɓangaren da ba ya numfashi. Ka sa hula da rawani ka bar hanci a wajen raga, numfashinka ya fita waje maimakon ya jiƙa bargo.

Waya kuma ta kwana a aljihunka na ciki, ba tsakanin bargo da jikin kube ba, domin nan ne duk danshin ke taruwa, kuma ramin caja ba ya son shi. Kada ka jona ta da fawa bank ka cusa su cikin bargo ka yi barci. Batirin litiyam yana ɗaukar zafi idan yana caji, a cikin bargo kuma zafin ba shi da mafita. Yi cajin da magariba a fili, ka cire kafin ka kwanta.

Da safe juya kuben ciki ya koma waje, ka rataye shi a inuwa minti goma sha biyar, iskar hunturu za ta gama da shi. Kada ka bar shi yini a rana, hasken rana yana cin nailan har ya rube. Karangiyar da ta maƙale a raga a cire ta da hannu ɗaya bayan ɗaya, in ka fizga ragar ce za ta bi ta. Ƙaramin huji a ƙasan tamfol kuwa, mai facin taya zai like maka shi da gam ɗinsa ta ciki da waje.